Kwaroron Roba Ma Yana Da Lamba, Kamar Hula

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da na daɗe ina juyawa a raina. Na san wasu da sun ga kan wasiƙar nan za su ce wannan magidanci ba shi da ta ido. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar nan ce ta kusa raba ni da uwar 'ya'yana, saboda haka na ga gara in yi magana, ko Allah ya sa wani ya tsira daga abin da na faɗa ciki.

Ni manomi ne, da damina ina noman masara da waken suya, da rani kuma in koma tiredata ina sayar da sukari da ganyen shayi da sabulu da batir da sauran tarkace. A cikin kayan da nake sarowa har da kwaroron roba, wanda wasu ke kira kondom. Ba na baza shi a teburi, yana cikin wani gwangwani a ƙasa. Masu saye sai bayan sallar isha'i suke zuwa, mutum ya tsaya yana taya batir har jama'a su watse, sannan ya ce, "Malam, ba ni abin nan." Kuma bari in gaya wa masu cewa kayan 'yan iska ne, wallahi mafi yawan masu saye a wurina magidanta ne masu aure, wasu sun girme ni. Wani matarsa tana goyo, wani likita ya hana matarsa ɗaukar ciki, wani kuma an gwada shi an ce yana da wata cuta, ba ya so ya shafa wa iyalinsa.

Abin da ya same ni shi ne, a haihuwar mai ɗakina ta bakwai ta zubar da jini ƙwarai, sai da aka ɗauke ta a mota cikin dare zuwa asibitin birni aka yi mata ƙarin jini leda biyu. Da za a sallame mu aka kira ni aka ce kada ta sake ɗaukar ciki sai ta huta aƙalla shekara 2. Aka yi mata allurar tazarar haihuwa, ba ta karɓe ta ba, jini ya riƙa yi mata wasa har ta rasa gane kan sallarta. Sai muka yi shawara ni in ɗauki nauyin abin. Kafin nan na je wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa na tambaye shi. Ya ce mini malamai sun yi maganar azalu tun zamanin da, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an yarda da shi idan da iznin matar, ballantana ga lalurar rashin lafiya. Ya ce da yawa daga malaman yanzu a kan wannan suke auna hukuncin kwaroron roba tsakanin miji da mata. Hankalina ya kwanta ta wannan fuska.

Amma fa ban tambayi kowa yadda ake amfani da shi ba. Ni da nake sayarwa, ina ganin ai abin kunya ne in ce ban iya ba. Sai ya zamana yana yawan zamewa. Wani lokaci sai an gama in ga ya tattare, sau ɗaya ma ya fita gaba ɗaya. Na riƙa cewa a raina kayan yanzu duk jabu ne. Wata takwas da haihuwa sai ga ciki. Ba zan manta daren da ta gaya mini ba, ta ce, "Malam, ni fa ina jin wannan cikin shi ne ajalina." Cikin nan ya zo da wahala, ƙafafu suka kumbura, jini ya yi ƙasa, muna hanyar asibiti kusan kowane mako. Ɗaya daga cikin shanun nomana ya tafi a wannan hidima, daminar nan sai haya na yi aka yi mini huɗa. Allah cikin ikonsa ya sauke ta lafiya, yarinyar ma tana nan tana wasa, kuma ba na da-na-sanin zuwanta, kyautar Allah ce. Amma wahalar da uwarta ta sha, sakacina yana ciki.

Bayan suna na cire kunya na sami wani malamin asibiti, yaro ne a kaina amma ya san aikinsa. Na ce masa, "Likita, abin nan naku ba ya aiki." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, lamba nawa hularka?" Na ce 22. Ya ce, "To in na ba ka 24 ka hau babur, ina za ta kwana?" Nan take na gane inda ya dosa. Ashe kwaroron roba ma yana da lamba. Shekara da shekaru ina sayar da abu ban taɓa duba bayan kwalinsa ba.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya koya mini kuma na duba da idona a jikin kwalaye daban-daban. Lambar da ake rubutawa ta faɗi ce, da milimita, wato idan aka shimfiɗa kwaroron aka auna shi daga gefe zuwa gefe. Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu shi ne 52 ko 53, kuma shi ne ke yi wa mafi yawan maza daidai. Akwai ƙarami mai 49, akwai manya daga 56 har 60. Tsawo ba shi ne abin damuwa ba, domin galibinsu sun kai kimanin santimita 18, idan ya yi wa mutum yawa sai ya bar ragowar a naɗe a gindi. Kauri shi ne magana. Mutum ya sami zare, a lokacin da gabansa ya miƙe, ya zagaya inda ya fi kauri, ya riƙe daidai inda zaren ya haɗu, sannan ya shimfiɗa shi a kan rular 'yan makaranta. Wanda ya sami santimita 11 zuwa 12, na kasuwa ya yi masa. Wanda bai kai 11 ba, 49 ya fi masa. Wanda ya doshi 13 ko ya wuce, ya nemi 56 zuwa sama. Ba sai kowa ya gani ba, aikin minti ɗaya ne a cikin ɗakinka.

Ko ba a auna ba ma, jiki yana faɗa. Idan ya yi yawa za ka ga yana tattarewa, yana zamewa, bakinsa bai kama gindi ba. Idan ya yi kaɗan zai yi wuyar warwarewa, ya matse har ya bar shaida kamar an ɗaura kyauro, ya kashe wa mutum sha'awa, kuma irinsa ne ke saurin fashewa. Da yawa daga cikin masu cewa "ni ba na jin daɗi da shi" ba su sami lambarsu ba ne.

A nan ne nake so in yi wa 'yan'uwana maza magana tsakani da Allah. Girman kai ne ke cutarmu. Tun da na fara kawo iri biyu na lura ba wanda ke cewa a ba shi ƙarami, kowa babba yake nema, kamar wata sarauta ake rabawa. Haba jama'a! Ka taɓa ganin wanda ya sayi takalmi lamba 45 alhali ƙafarsa 41 ce don kawai a ce ya cika namiji? Allah ne ya halicci kowa yadda ya so, kuma wannan ba shi ne ma'aunin mazantaka ba, ba shi ke hana haihuwa ko zaman lafiya da iyali ba. Ni da nake rubuta wannan wasiƙa ƙaramin ne ya yi mini, kuma ina da 'ya'ya takwas. Tun da na koma kansa yau shekaru ke nan bai sake zame mini ba ko sau ɗaya.

Sai dai malamin asibitin nan bai bar ni a kan lamba kawai ba. Ya ɗauko wani icce da aka sassaƙa don koyarwa ya ce in nuna masa yadda nake sakawa. Kai, ranar nan na ji kunya, don kusan komai a karkace nake yi. Ina yaga ledar da haƙori, ashe haƙori da farce da reza suna iya huda shi ba ka gani ba. A gefe ake yagawa da yatsu, inda aka yi masa tsaga-tsaga, bayan an ɗan tura kwaroron gefe guda. Kafin ma a yaga sai an duba wa'adinsa, wato watan da shekarar da ke gaban haruffan EXP, an kuma ɗan matsa ledar a ji akwai 'yar iska a ciki. Idan ta lafe ba iska, to ta huje, a yar. Idan an buɗe an ji ya bushe, ko yana danƙo, ko ya yi tauri, shi ma a yar.

Sannan yana da ciki da baya. A ɗora shi a kan yatsa a ga naɗin yana waje, kamar 'yar hula mai naɗaɗɗen baki, yadda zai warware ƙasa ba gardama. Idan mutum ya riga ya ɗora shi a jikinsa a juye, kada ya juya shi ya sake sawa, domin ruwan da ke fara fitowa ya riga ya taɓa shi, kuma wannan ruwa yana iya ɗauke da ƙwayar haihuwa ko ta cuta. Sabo za a ɗauka. Ni kuwa da juyawa nake yi, don ina jin asarar kuɗina.

Babban kuskurena shi ne ɗan tsinin nan na kansa. Ni na ɗauka ado ne. Ashe wurin da maniyyi zai taru ne, kuma dole a matse shi da yatsu biyu a fitar da iska yayin da ɗaya hannun ke warware shi har ƙasa, har gindi, ba a tsaya a rabi ba. Idan aka bar iska a ciki, da an matsa sai ya fashe, kamar yadda yara ke fasa ledar ruwa. Kuma ba a warware shi tukuna sannan a zura kamar safa. Ana sawa ne bayan gaba ya miƙe, tun kafin jiki ya haɗu da jiki, ba sai an yi nisa a ce bari a saka ba. Da an gama kuma ba a jira sai jiki ya saki. Tun da sauran ƙarfi za a riƙe bakinsa a gindi a janye a hankali, a cire nesa da matar, a ƙulle. Wannan riƙewar ita ce ban taɓa yi ba, kuma ina kyautata zaton ta nan da rashin lamba aka sami cikin nan.

Akwai wata al'ada da na ji daga bakin masu saye da yawa, wai a sa biyu don ƙarin tsaro. Wannan ba tsaro ba ne, roba na gugar roba sai su yage. Ɗaya ake sawa, sau ɗaya, a yar. Ba a wankewa a shanya. Kada mai karatu ya yi dariya, an taɓa tambayata wannan a tireda.

Maganar mai kuwa ta fi ba ni tsoro, domin kowane gida akwai shi. Basilin, man gyaɗa, manja, man shanu, man kaɗe, man shafawa na kanti, duk suna cinye irin robar da ake yin kwaroro da ita cikin ɗan lokaci kaɗan. Wanda ke shakka ya gwada, ya hura guda ɗaya ya shafa masa basilin ya ɗan murza, ya ga abin da zai faru. Na gwada a bayan tireda, ban daɗe ina murzawa ba ya fashe. Idan ana bukatar santsi, musamman ga mace mai shayarwa wadda jikinta kan bushe, akwai wanda aka haɗa da ruwa, irin su K-Y Jelly, ana samu a manyan kemis. Haka kuma iyayenmu mata masu amfani da kayan matsi da ke busar da jiki, su sani bushewar nan tana yaga kwaroro, tana kuma ji wa mace rauni, kuma ta rauni cuta ke samun ƙofa.

Yanzu bari in juyo kanmu 'yan tireda da masu ƙananan kemis, don namu laifin ba ƙarami ba ne. Zafi yana kashe roba. Tiredar kwano a watan Afirilu ai tanda ce. Wasu ma rataye kwalin suke yi a ƙofa rana na dukansa tun hantsi har la'asar, ya koɗe ya yi fari, kuma a haka ake sayarwa. Mutum ya biya kuɗinsa, ya dogara da abin, ran matarsa yana kai, kai kuma ka ba shi ruɓaɓɓe. Wannan amana ce, kuma za a tambaye mu. Ni yanzu kaɗan nake sarowa, in ajiye a gida cikin ɗakin ƙasa mai sanyi, in ɗauko na kwana biyu ko uku kawai. Ina duba lambar hukumar NAFDAC da wa'adi tun a wurin sari, wanda ya kusa ƙarewa ko an rage mini kuɗi ba na ɗauka. Masu saye su ma su daina dannawa a aljihun baya ko cikin walat na wata da watanni, ko a akwatin babur kusa da inji. Direbobi da 'yan acaɓa da 'yan cirani, da ku nake.

Wani zai ce to duk da haka ai ba ya hana ƙaddara. Gaskiya ne, ba abin da ke hana abin da Allah ya rubuta, amma an umarce mu da bin sababi. Masana sun ce a cikin ma'aurata 100 da ke amfani da shi daidai kowane lokaci, kimanin 2 ne kawai ke samun ciki a shekara. Amma a yadda jama'a suka saba yi, yau a sa gobe a manta, ko a sa a karkace, adadin yana kai kimanin 13. Tazarar da ke tsakanin 2 da 13 ɗin nan ba daga kamfani take ba, daga hannunmu take. Kamar takin zamani ne, ka watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa ba ka rufe ba, rana ta kwashe, sannan ka ce takin bana ba shi da kyau.

Kuma ba maganar ciki kaɗai ba ce. A cikin hanyoyin tazarar haihuwa, kwaroron roba ne kaɗai ke kuma kare mutum daga ciwon sanyi da cutar ƙanjamau, yana kuma rage haɗarin tunjere. Ƙwaya da allura da ashanar hannu ba sa yin wannan. Tun 1986 aka ba da sanarwar ɓullar ƙanjamau a Nijeriya, kuma babban binciken da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar a ƙasar nan. A cikinsu akwai matan aure da ba su taɓa sanin kowa ba sai mazajensu, akwai zawarawa da aka aura ba gwaji. Ni ba na goyon bayan zina, haramun ce, kuma kwaroro ba ya mayar da ita halal. Amma wanda shaiɗan ya rinjaya, ko wanda ya san yana da cuta, kada ya haɗa laifi biyu, ya kwaso ya kawo wa baiwar Allah da ke gida tana dafa masa tuwo, balle a gida mai mata biyu ko uku.

Idan kuma tsautsayi ya sa ya fashe ko ya zame, kada a kwanta a yi shiru kamar yadda muka yi. Akwai ƙwayar gaggawa da mace ke sha don hana ɗaukar ciki, an fi so a sha da wuri, cikin kwana 3. Idan ana tsoron ƙanjamau ne akwai maganin kariya da ake farawa kafin awa 72 ta wuce, a sha na kwana 28, a asibitocin da ke kula da masu cutar ake samu. Da na san da ƙwayar nan a daren da abin ya fita, da gari na wayewa mun nufi asibiti. Wanda kuma robar ke sa masa ƙaiƙayi ko kurji, shi ko matarsa, ya faɗa wa malaman asibiti, akwai wanda ba da irin wannan roba aka yi shi ba, akwai ma na mata.

Saura kuma wurin zubarwa. Don Allah a ƙulle a naɗe a takarda a jefa a masai na rami, ko a binne. Sau nawa muke ganin yara sun tsinto a juji suna hurawa da baki suna cewa balan-balan? Akuya ma tana haɗiyewa.

Kirana ga hukumomin lafiya da manyan dillalai shi ne, mu a karkara kusan lamba ɗaya tak ke iso mana. Ni sai na shiga birni na zagaya kemis uku ko huɗu kafin in sami ƙarami ko babba, kuma da tsada. A taimaka a riƙa kawo aƙalla iri uku asibitocin ƙauye da wuraren sari, a rubuta lambar da manyan baƙi a gaban kwali, a sa bayanin yadda ake sakawa da Hausar boko da ajami, da zane, tunda ba kowa ke jin Turanci ba. Sannan bayanin tazarar haihuwa kusan duk a wurin awon ciki ake yi wa mata, alhali wannan abu namiji ne zai saka. A samo malaman asibiti maza su riƙa keɓewa da magidanta, ko ranar kasuwa ce, su kuma tara mu masu sayarwa su koya mana ko na yini ɗaya ne, domin wurinmu ake zuwa da dare, ba asibiti ba. Ni dai yanzu duk wanda ya ce in ba shi abin nan, in ba kowa kusa, nakan tambaye shi a hankali ko yana zame masa ko yana matse shi. Wasu su ɓata rai su tafi, amma mafi yawa sukan dawo bayan kwana biyu su tsaya taya batir, sannan su yi tambaya.

Edita, ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu saboda mutuncin iyalina, ita ma sai da na nemi izninta kafin in rubuto.

Naka,
Manomi mai tireda,
daga kudancin Jihar Katsina.